Maganin da Aka Tafasa

Ketare,
Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara.
Lahadi, tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanena Kabir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa maka gaisuwa irin ta waɗanda suka sha nono ɗaya, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mubina da 'yar ƙaramata Zulfa. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka Ibadan. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, masara ta yi goyo, maigidana Malam Badamasi kullum yana gona, ni kuma muna hutun makaranta. Hanya ta ɗan yi shiru kwana biyun nan, Allah Ya ɗorar da hakan. Baba Gide mariƙinmu jikinsa lafiya lau, zuciyarsa ce ba lafiya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Za ka yi mamakin ganin rubutu maimakon saƙon murya. Da gangan na yi. Zan ɗauki hoton takardar in tura maka, ka karanta da idonka kai kaɗai, domin saƙon murya ne ya jawo mana abin da muke ciki. Ka nemi wuri ka zauna, Dakta, yau yayarka ce za ta ba ka karatu, kuma ina faɗa maka tun daga farko cewa raina a ɓace yake.

Ka san abin da kajin nan suke a wurina, amma zan tuna maka, tunda na ga alamar boko yana sa mutum mantuwa. Shekarar da aka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Tafoki, kowa abin da hannunsa ya iya ya ɗauka. Wasu tabarma, wasu buhun hatsi. Dada mahaifiyarmu ta bar kwallayenta da gadonta, ta ɗora akurki a ka, da fingi uku da zakara ɗaya a ciki. Mutane suka yi ta mata dariya a hanya, ana gudun rai ita tana dakon kaji masu gashi a murɗe kamar an fito da su daga ruwan zafi. Ta ce irin uwarta ne, ba za ta bar su ga dila ba. Da ƙwansu aka yi ta haɗa maka guzurin makaranta. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ba ta bar mini wasiyyar zane ko 'yan kunne ba, cewa ta yi kada in bari irin ya ƙare a hannuna. Shekara shida ina riƙe da wannan amana, har suka kai ashirin da uku.

Ba na musun ƙoƙarinka, kada ka ce na manta alheri. Da ka zo babbar sallah ka tarar farin zawo ya fara shiga kajin unguwa, kai ne ka hana ni ci gaba da fasa musu kafso ja-da-yalo a ruwa, ka ce cutar ta saba da shi, ta mai da shi abin sha. Kai ne ka tsuguna a akurki da rigar sallarka kana kwasar kashin kaji a 'yan kwalabe, ka kuma je kududdufin bayan gida ka ɗebo ruwa, Baba Gide yana kallonka daga zaure yana girgiza kai. Ka ce mini a cikin irin wannan ƙazamin ruwa akwai wata halitta da ido ba ya gani, wadda ba ta da abinci sai cutar da ke kashe kajin, ba ta taɓa kaza, ba ta taɓa mutum. Ka ce za ku tace ta, ku raine ta, ka aiko mini. Ka ce har yanzu gwaji ne, kuma malamin dabbobi na nan ya san da maganar. Na yarda da kai, har na yi ta alfahari a gaban mata.

Kafin saƙonka ya iso na rasa shida. Ranar Alhamis ta makon jiya Sha'ibu direba ya kawo mini kular, kwalbar tana ciki, ƙanƙarar ta narke amma da sauran sanyi. Jikin kwalbar rubutu ne da Turanci da lambobi, kamar wasu Turawa ne za su ba kajin. Sai ga saƙon muryarka. Na kunna a tsakar gida, Baba yana kan buzunsa a gindin darbejiya, maƙwabciyata Suwaiba tana tsaye da zanen goyo a hannu. Ina iya maimaita maka abin da ka ce, domin na saurare shi ya fi sau goma daga baya. Ka ce sunan abin feji. Ka ce in yi hankali, abin da ke cikin kwalbar ƙwayoyin cuta ne masu rai, miliyoyi, in ajiye a ƙanƙara, in zuba murfi biyu a kaskon ruwa mai tsabta kowace safiya. Daga nan ka wuce zancen Zulfa ta fara tafiya.

Ƙwayoyin cuta masu rai, Kabir. Haka ka faɗa, a gidan da Baba Gide yake zaune. A wurinku can, na san abin da ke sa ciwon sunansa daban, abin da ke cinye shi ma sunansa daban, kowanne da rigarsa. Mu nan suna ɗaya muke da shi, kuma tun muna yara ba mu taɓa jin an ambaci ƙwayar cuta da alheri ba. A rediyo ƙwayar cuta abin kashewa ce, a asibiti abin kashewa ce, ni kaina haka nake koya wa 'yan aji huɗu. Shekara nawa kana karatu, ba ka samu yini ɗaya ka zauna ka nema wa abin nan suna da harshen uwarka ba? Maganar a ajiye a ƙanƙara kuwa ban ma tanka ba. Ƙanƙarar da muke da ita gari ce, ita ma wuta sai ta ga dama take leƙa ta. Na naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, na binne gindinta a danshin yashin da ke ƙarƙashin randa.

Suwaiba ta roƙe ni in sam mata, domin nata ma sun fara saukar da fuka-fuki. Na tsiyaya mata kaɗan a kwalbar turaren da ta wanke, ta tafi. Ni kuwa na ce sai na bi dokarka sak, kasko mai tsabta ka ce, nawa kuwa duk sun yi gansakuka. Da safen Juma'a na hau mota na shiga gari na sayo sababbi. Awa uku na yi. Na dawo na tarar da kwalbar inda na bar ta, a naɗe da tsummanta, ruwan ciki fari tas kamar yadda ya zo. Na yi bisimilla na zuba murfi biyu.

Ba zan iya ba ka labarin kwanakin nan shida dalla-dalla ba. Kowace safiya in auna murfi biyu kamar mai auna zinariya, kowace safiya in ɗauki gawa. Kaza ta tsaya tana gyangyaɗi, ƙasanta duk farin kashi, zuwa azahar ta kife. Ranar Litinin huɗu na binne a bayan ɗaki. Ranar Talata zakaran ya tafi, jan nan mai tsayin wuya da Zulfa ta yi ta tsoro. Ranar ce na tura maka saƙon da na ce ka aiko mini da ruwan kududdufi a kwalba ka ce magani ne. Kai kuma ba ka tambaye ni komai ba sai ko na ajiye a sanyi, ko na sa alif a ruwan, ko na bar shi a rana. Duk tambayoyin da ke cikin takardunku ka yi, ba ka tambayi wanda yake zaune kusa da ni lokacin da na kunna saƙon ba. Waccan magana tawa na janye rabinta, sauran rabin ka riƙe, ka ci ta.

Ranar Alhamis na wayi gari akurki babu kowa. Guda ɗaya ta rage, tsohuwar nan da muke kira 'Yar Dada, ita ma don ta ware kanta ne, tana kwanci a bayan rumbu, ba ta cika zuwa kaskon sauran ba. Na ce bari in leƙa Suwaiba in yi mata jaje, tunda ni na ba ta abin da bai yi ba. Ina shiga na ga kaji suna tonon bola. Cikin sha ɗaya biyu ta rasa, tun kwana biyun farko, sauran sun miƙe suna cin dusa har da faɗa. Ta rungume ni tana sa maka albarka, ta ce a tsohon kwanon da ta saba ta zuba musu, ba ta sayi wani sabon kasko ba. Na fito daga gidan ina lissafi. Magani ɗaya, kwalba ɗaya, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Na dawo ina ta maganata ni kaɗai a tsakar gida, Baba yana ji. Sai ya ajiye casbinsa ya kira ni, fuskarsa cike da damuwa. Ya tambaye ni wai Suwaiba ta tafasa nata kuwa kafin ta ba su. Ya ce in ba ta tafasa ba in yi maza in gaya mata, gidan da ƙananan yara, kada abin ya shiga cikinsu. Ya ce shi namu tun ranar Juma'a ya gyara shi. Da na tafi kasuwa ya juye a tukunyar shayinsa, ya bar shi ya tafasa sau uku don ya tabbata, ya huce, ya mayar a kwalbar, ya naɗe yadda na naɗe. Ya ce ya ji da kunnensa kana cewa da ƙwayar cuta a ciki, ya san yaran zamani da gaggawa, ka manta ne ba ka kashe ta ba kafin ka aiko. Wai bai faɗa mini ba ne don kada in ga kamar yana kushe aikin ɗansa. A ganinsa wuta za ta kashe cutar ta bar maganin, kamar yadda ake yi wa sassaƙe.

Yanzu ka gaya mini, wa zan yi wa faɗa? Ka fi kowa sanin Baba. Ka san shekarar amai da gudawa ya binne matarsa Inna Zainabu da ɗansu Sadiq cikin mako ɗaya. Ka san ma'aikatan lafiya sun tara mutane a ƙofar mai unguwa suka ce ƙwayar cuta ce a ruwa, wuta ce kawai maganinta, kuma tun daga ranar, shekara talatin da wani abu, ruwan da bai hau wuta ba bai wuce maƙogwaronsa ba. Ko gidan biki da butarsa yake zuwa, ana yi masa tsiya yana murmushi. Kai kanka da ruwan tafasasshe ya raine ka bayan rasuwar mahaifinmu. Darasi ɗaya masu ilimi suka taɓa ba mutumin nan, ya biya shi da matarsa da ɗansa, ya riƙe shi da hannu biyu. Sai kai, wani mai ilimin, ka zo ka kira maganinka da sunan abin da ya kashe masa iyali, ka wuce zancen tafiyar Zulfa. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa, to amma wanda ya san damin bai faɗa ba fa?

Na tsaya a gabansa. Wallahi akwai ihu a cikina, na haɗiye shi. Na so in yi shiru in bar shi da tunanin ya tsare gida, amma ya dage sai na je gidan Suwaiba, har ya fara neman takalminsa zai je da kansa. Dole na zaunar da shi. Na rasa ta inda zan fara, kalmar feji ba ta da kai ba ta da ƙafa a kunnensa. Sai ga kyanwar gidan ta fito daga ƙarƙashin rumbu. Na ce masa cutar da ke cikin kajin kamar ɓera ce a rumbu, abin da ka aiko kuma kyanwa ce, ƙarama ƙwarai, wadda ake sha a ruwa. Na ce dole ta shiga da ranta, mushen kyanwa ba ya kama ɓera. Na ƙara da abin da ka taɓa faɗa mini, cewa kowace da irin ɓeran da take ci, shi ya sa ka kwashi kashin kajinmu don ka samo daidai da namu. Minti biyu ban yi ba ya gane. Ka ji, Dakta? Minti biyu. Ya ce ashe shi ne ya yanka kyanwa don ya tsare rumbu. Ya tambaye ni guda nawa suka mutu bayan Juma'a, na ce ban ƙirga ba, ya ce shi ya ƙirga, sha shida ne.

Ranar bai ci tuwo ba. Juma'a ya je masallaci ya dawo bai zauna a zaure ba. Jiya Asabar da hantsi na neme shi a gida na rasa, sai matar Shamsu mai faci ta leƙo ta ce in zo in ga Baba. Kabir, a kududdufi na same shi. Ya naɗe wando, ruwa har gwiwarsa, ruwan nan kore da awaki ke shiga, yana cika butarsa. Mutumin da ko alwala ba ya yi da ruwan da bai yarda da shi ba. Ya ce ya tuna daga nan ka ɗebo, tunda a nan kyanwar take zai kai wa 'Yar Dada ta sha, ya biya abin da ya ɓata. Na shiga na kamo hannunsa, na fito da shi mutane suna kallo. A hanya na yi masa bayani cewa a ruwan nan kyanwa da ɓera da abin da ya fi ɓera duk tare suke, aikinka shi ne rabe su. Bai yi gardama ba. Ya juye butar a gindin zogale, ya tsaya yana kallon ruwan yana nutsewa. Tsoho mai shekara kusan tamanin ka sa ya shiga kududdufi, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da kajin.

Ga inda muke yanzu. 'Yar Dada ta fara gyangyaɗi ranar Juma'a, Suwaiba ta kawo mini ragowar nata, Allah Ya saka mata, abin da bai fi murfi huɗu ba. Na ba ta sau biyu, yau na ga ta tsattsagi gero ta koma kan ƙwanta, ban dai saki jiki ba. Ƙwai tara ne a ƙarƙashinta, kuma na jan zakaran ne, wanda babu shi yanzu. In waɗannan ba su rayu ba, irin Dada ya ƙare, domin na tambaya har Damari ba wanda ke da su. Ta fara kwanci ranar Litinin kafin kwalbarka ta zo, saura kwana takwas ke nan su ƙyanƙyashe. Kai ka ce mini cutar nan ta fi kashe 'yan tsaki, har a cikin ƙwai takan biyo su. Na ƙone shimfiɗar akurki, na zuba toka, na yi abin da zan iya. Sha'ibu zai taso daga wajenku ranar Laraba. Ba roƙonka nake yi ba, ka tabbata kwalba tana cikin motarsa.

Kuma kada ka sake aiko mini da kwalba mai Turanci. Ka rubuta a jikinta da Hausa, da boko da ajami, don ka san Baba ajami yake karantawa. Ka rubuta cewa kyanwar ciki ce, da ranta take aiki, kada a kai ta wuta, kada a bar ta a rana. In abokan aikinka sun yi wa sunan dariya, ka ce su kawo wanda ya fi shi, su zo Ketare su gwada a zaure. Matan unguwa sun riga sun ɗauka, tun jiya mutum uku suka aiko suna tambayar ko da sauran kyanwar. Ka gaya wa manyanka duk gidan da za ku kai abin nan akwai mai tukunyar shayi a ciki, kuma ba wawa ba ne.

Malam Badamasi yana gaishe ka, ya ce in sassauta alƙalami, na ce ya koma gonarsa. Suwaiba tana gaishe ka da godiya mai yawa. Ka gaida Mubina, ka ce na ga atamfar, Allah Ya bar zumunci. Ka shafa mini kan Zulfa, Allah Ya raya ta, Ya sa ta tashi da Hausa a bakinta. Ka gaida Abubakar na Kawu in kun haɗu, ka ce mahaifiyarsa tana cigiyarsa.

Saura saƙo ɗaya. Tun ranar Alhamis Baba bai ɗora tukunyar shayinsa ba, ya kife ta a bayan ƙofa. Ya mayar da buzunsa kusa da rumbu, nan yake wuni yana korar ƙadangaru daga wajen kazar. Da ya ga ina rubutu ya tambayi wa nake wa, na faɗa masa. Ya ce in roƙa masa gafararka, ya ɓata maka aikin wata biyu, ya kunyata ka a gaban manyanka. Na rubuta domin amana ce ya ba ni. Amma kada ka kuskura ka aiko da cewa ka yafe. Ka kira wayata gobe bayan la'asar, zan miƙa masa, kai ne za ka roƙi tasa gafarar. Ka yi masa magana da Hausar da Dada ta koya maka, a hankali, har sai ya yarda ya ɗora shayinsa.

Wassalam. Taka har kullum, ko da fushi ko babu,

Yayarka,
Halimatu Sa'adiya.